Ƙasar da Na Sa wa Hannu

A shekarar da aka tura mu neman ƙasa, gidaje sittin da uku ne a ƙauyenmu Osinki, kuma babu gidan da hatsinsa ke kai shi ƙarshen hunturu. Gonata ba gona ba ce guda ɗaya. Yanki-yanki ce har goma sha ɗaya, a warwatse, wani yankin faɗinsa bai wuce taku huɗu ba, in ka zo juya garma sai doki ya taka shukar maƙwabci. Duk abin da ke kewaye da mu, makiyaya da kurmi da hanyar zuwa rafi, na mai gandu ne. Saniyarka ta sa baki a ciyawarsa sai a kama ta, ba za a sake ta ba sai ka yi masa girbin kwana uku. Daga tsakiyar hunturu matata Ustinya take fara haɗa garin burodi da dusa, daga baya kuma da ƙaiƙayi. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya, da maraƙi na bakwai, don in aka bar shi a waje sanyi zai kashe shi.

Sunana Arhip. Ban daɗe da dawowa daga birni ba a lokacin. Shekara goma sha ɗaya na yi a masana'antar rini, muna shiga aiki tun kafin gari ya waye, mu fito bayan rana ta faɗi, mu kwanta a ƙasa nan gefen tukwanen da muka yini muna juyawa. A can wani tsohon ma'aikaci ya koya mini karatu da rubutu. Da ƙirjina ya fara ciwo, tari ya hana ni ɗaukar kaya, sai aka ce in tafi gida in huta. Ba a sake nemana ba. Na dawo da hannuwa shuɗaye har gwiwa da iya karatu, su ke nan.

Da labari ya zo cewa gwamnati na raba ƙasa can gabas, bayan duwatsu, sai mai gari ya tara mu a bakin coci bayan ibadar Lahadi. Doka ta ce sai ƙauye ya fara tura mutanensa su gani da ido, su sa hannu, sannan a tashi. Ba a yi gardama kan mutum na farko ba. Kowa ya ce Tihon Lukic.

Kawu Tihon muke ce masa, yara da manya. Ya haura sittin, gajere ne, mai faɗin kafaɗa. Ya san ƙasa yadda mace ta san tukunyarta. Shekara uku kafin wannan, lokacin da mutanenmu suka shiga saurar mai gandu da garmuna suka nome ta, shi ne a gaba. Da sojojin doki suka zo, shi suka fara kwantarwa a gaban jama'a. Bulala hamsin aka yi masa. Ana tambayarsa ko ya tuba, yana cewa ƙasa ta mai wahala a kanta ce, har muryarsa ta ɗauke.

"To wa zai raka shi?" in ji mai gari.

"A ba shi Arhip," wani ya ce daga baya. "Ya iya karatu. In sun ɓace ma, da waɗannan hannuwan nasa daga nesa za a hango su."

Aka yi dariya. Kawu Tihon ya dube ni ya ce, "Kana iya tafiyar ƙasa da wannan tarin naka?"

"In ka iya da wannan tsufan naka, Kawu, ni ma zan iya."

Bayan an gama girbi muka tashi. Kwana goma sha ɗaya muka yi a taragon kaya na jirgin ƙasa, mu fiye da talatin, duk masu neman ƙasa daga larduna daban-daban. Kowa da buhun busasshen burodinsa a ƙarƙashin kai. Muka sauka a wani gari mai ƙura, muka yi kwana biyu a layi kafin mu shiga ofishin rabon ƙasa. Akawun, wani saurayi mai tabarau wanda gajiya ta gama cinye fuskarsa, ya shimfiɗa taswira ya ɗora yatsa.

"Lamba arba'in da bakwai. Akwai rafi. Za ta ɗauki gidaje ashirin da biyar. Ku je ku gani, ku dawo cikin kwana goma sha biyu. In kun wuce haka zan ba wasu."

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu Tihon, hularsa a hannu, "akwai mutane a wurin?"

"Rarar ƙasa ce. Masu awo sun je sun auna abin da Kirgis ke bukata, sun bar musu. Wannan ita ce ta saura."

Kirgis muke ce wa makiyayan da ke zaune a yankin. Daga baya na ji su Kazak suke kiran kansu.

Kwana huɗu muka yi muna tafiya. Babu itace ko ɗaya, sai ciyawa da sama. A yini na huɗu da hantsi muka ga turken farko da masu awo suka kafa, da lambar a jikinsa. Muka gangara wani kwari mai faɗi, rafi na bi ta tsakiyarsa, tudu ya tare shi daga arewa. Kawu Tihon ya durƙusa, ya zaro wuƙa ya yanki ƙasa. Baƙa ce wuluk. Ya ci gaba da tona har hannunsa ya shige zuwa gwiwa, bai iske ja ba. Ya murje ta, ya shaƙa, ya sa kaɗan a harshe. Sai ya zauna daɓas a ciyawa.

"Yaya, Kawu?"

"Shekara hamsin ina noma," ya ce, "ban taɓa riƙe irin wannan a hannuna ba. Ko sanda ka dasa a nan sai ta yi ganye."

Ni a wannan lokacin ba ƙasar nake gani ba. Ƙaramar 'yata Dunya nake gani, wadda ta kai shekara uku ƙafafunta ba su iya ɗaukarta.

Da muka zagaya gindin tudun sai muka ga gidaje. Ɗakuna ne gajeru na ƙasa, guda bakwai, rabinsu a cikin tudu, da garkunan dabbobi, da busasshen kashin shanu an jera shi kamar katanga don wutar hunturu. Gaba kaɗan ga tarin ingirici guda huɗu, ga wani ɗan magudanin ruwa da aka haƙo daga rafi zuwa gonar gero. A saman tudun kuma kaburbura ne, sun fi talatin. Mutum uku na yankan ciyawa a bakin rafi. Suka tsaya suna kallonmu. Ɗaya daga cikinsu, mai shekaru kamar nawa, ya ajiye laujensa ya nufo mu.

"Sannunku da hanya," ya ce da harshenmu, tiryan-tiryan. "Ku zo ku sha shayi. Mahaifina na ciki."

Sunansa Baitas, mahaifinsa kuma Sarsen, tsoho ne siriri mai ɗan farin gemu. Sauran dangin suna can wurin kiwon rani da garke, sai ƙanƙara ta kusa za su dawo. Aka shimfiɗa mana, aka kawo shayi mai madara da busasshen cuku da soyayyen gero. Babu wanda ya tambaye mu abin da ya kawo mu sai da muka ƙoshi.

Baitas ya daɗe yana kallon hannuwana. "Rini?" ya ce.

"Rini. A ina ka koyi harshenmu haka?"

Ya ɗage gashin goshinsa, na ga shuɗayen tabo ƙanana. "Ramin kwal. Shekara bakwai ina jan amalanke da rarrafe. A can ko ba ka so sai ka koyi zagi da harsuna huɗu." Tari ya kama ni, ya jira har na gama. "Kai ma sun ci maka ƙirji. Ni da na fara tofar da baƙin yawu sai na gudo gida. Na ce gara in mutu ina ganin sama."

Muka yi ta hira kamar mun daɗe da sanin juna. Ya san ƙarar usur ta asuba, ya san miyar kabeji marar nama, ya san yadda ake karɓa-karɓar shimfiɗa ɗaya tsakanin mai aikin rana da mai aikin dare. A Osinki babu wanda na taɓa yin wannan hirar da shi.

Sai tsohon ya yi magana, Baitas ya fassara.

"Ya ce ya san abin da ya kawo ku. Masu awo sun zo sun kafa turaku da ƙanƙara ta narke. Ya ce ku tashi ya nuna muku wurin."

Sarsen ya zagaya da mu har la'asar. Ya nuna mana inda ƙanƙara ke taruwa ta rufe ɗaki, da inda rafi ke cika ya yi ambaliya, da rijiyar da ba ta daskarewa, da wata fadama da ruwanta ke kashe ɗan rago. Bai ɓoye komai ba. Kawu Tihon na biye da shi yana gyaɗa kai. A gonar geron ya tsaya ya duba magudanin ruwan da kyau, yadda aka karkata shi.

"Tambaye shi wa ya haƙa wannan."

"Kakansa," in ji Baitas.

"Tambaye shi don me yake nuna mana duk wannan. Da ya ce ruwan da ɗaci ne, da mun juya."

Tsohon ya amsa a taƙaice. Baitas ya ce, "Ya ce ba a yi wa baƙo ƙarya. Kuma yana so in kun koma ku gaya wa mutanenku abin da kuka gani, kada su ce kufai suka tarar."

"In aka ba mu nan, ku ina za ku?"

Baitas bai fassara ba. Ya nuna wasu tsaunuka masu duwatsu can kudu. "Can suka bar mana. Da rani wuri ne mai kyau. Da hunturu babu abin da ke tare iska, kuma babu ciyawar yanka."

Washegari muka kama hanya. Sun cika mana jaka da cuku. Mun yi tafiyar rabin yini, sannan Kawu Tihon ya ce, "Ba za mu karɓa ba."

"Kawu, ka ga ƙasar nan da idonka."

"Na gani. Na ga ingiricin da suka yanka, na ga ruwan da suka jawo, na ga inda suka binne iyayensu. Ƙasa ce mai masu ita."

"Ba sa nomanta. Ɗan geron nan ko kaza ba zai isa ba."

"Mai gandu ma cewa yake ba mu iya noma ba."

"In mun ƙi, gobe akawun nan zai ba wasu. Su Baitas tashi za su yi, da mu ko ba mu. Bambancin kawai 'ya'yan wani za su ci, namu su mutu."

"Haka ne," ya ce. "Ban ce ka yi ƙarya ba."

"To?"

"To ba da hannuna ba. Arhip, an kwantar da ni a gaban jikokina an zane ni saboda na ce ƙasa ta mai wahala a kanta ce. Yanzu in zo nan in zama mai gandun wani? Da wace fuskar?"

"Da fuskar mai jikoki shida da ke cin ƙaiƙayi."

Ya tsaya ya dube ni, na ɗauka zai mare ni. Bai yi ba. Ya gyara jakarsa ya ci gaba da tafiya. Duk kwana huɗun nan muna maimaita wannan maganar, babu wanda ya matsa daga inda yake.

Da muka iso garin ƙafarsa ta kumbura. Na ce ya zauna a inuwar katanga, ni zan shiga in gaya wa akawu ba ma so, in roƙe shi wani wurin. Kuma Allah ya sani da niyyar haka na shiga. Na roƙa. Akawun ya cire tabaraunsa ya murza ido.

"Akwai lamba sittin da biyu. Ƙasar gishiri ce, ruwa kuma tafiyar yini. Waɗanda suka karɓe ta bara sun koma gida, waɗanda suka rage da rai ke nan. Ban da ita babu komai sai baɗi, in ma an samu. Ka duba bayanka."

Na waiwaya. Layi ne har waje, mutane irina, da takalman ɓawon itace da suka tsinke a hanya.

"Kuna so ko ba kwa so?"

"Muna so," na ce.

"Ku biyu ne a takarda. Ina ɗayan?"

"Ƙafarsa ta kumbura, ranka ya daɗe. Kuma bai iya rubutu ba."

"To sa masa."

Na rubuta sunana. A ƙasansa na rubuta cewa na sa hannu a madadin Tihon Lukic, bisa roƙonsa, saboda bai iya rubutu ba. Aka buga hatimi. Na ninke takardar na cusa a takalmi, na fito na ce masa sun ce mu dawo baɗi.

"To, Allah ya kai mu," ya ce. Ya gutsuro burodi ya miƙo mini.

Kwana goma sha ɗayan komawa sun fi mini shekara goma sha ɗayan rini tsawo. Yana ba ni rabin abincinsa saboda tarina. In na yi barci sai ya lulluɓe ni da rigarsa.

Ranar Lahadin farko bayan dawowarmu aka taru a bakin coci, har mata da ba su saba zuwa taro ba. Kawu Tihon ya cire hula ya rusuna wa jama'a.

"Ku yafe mana, 'yan'uwa. Mun je mun dawo hannu wofi."

Kafin hayaniya ta tashi na fito da takardar. Na karanta ta daga farko har ƙarshe, har da wurin da ya ce bisa roƙonsa. Ban dubi Kawu Tihon ba sai da na gama. Ba fushi na gani a fuskarsa ba. Kallona yake kamar yana ƙoƙarin tuna inda ya san ni.

"Tihon Lukic," in ji mai gari, "wanne ne gaskiya? Akwai ƙasa ko babu?"

Kalma ɗaya zai faɗa a rushe takardar, ni kuma a kai ni gaban hukuma. Ya daɗe yana juya hularsa.

"Akwai ƙasa," ya ce. "Ban taɓa ganin irinta ba, ba kuma za ku sake ganin irinta ba. Amma akwai mutane a kanta. Ɗakuna bakwai, da dabbobinsu da kaburburansu. Sun ba mu abinci. In kun je, su za a kora kan duwatsu. Sun roƙe ni in gaya muku, na kuma gaya muku."

Sai wata bazawara mai 'ya'ya biyar ta ce, "Gwamnati ta ba da takarda?"

"Ta bayar," na ce.

"To mu ne muka kore su? Mu wa ya tambaye mu lokacin da aka ƙwace mana makiyaya?"

A ranar gidaje ashirin da biyu suka ce za su tafi. Cikinsu har da Nikifor, babban ɗan Kawu Tihon, da matarsa da 'ya'yansa.

Duk hunturun nan Kawu Tihon bai yi mini magana ba. In mun haɗu a hanya sai ya ɗaga hula kamar yadda ake yi wa baƙo. Ranar tashinmu, ana ɗaure kaya a amalanke, mata na kuka, na gan shi ya nufo ni yana ɗingishi.

"Sabuwar ƙasa ba a zurfafa mata garma a shekarar farko," ya ce. "Ka yanka sama-sama, ka bar saiwar ciyawar ta ruɓe. Ku haɗa dawakai huɗu a garma ɗaya, in ba haka ba za ku kashe su. Gero za ku fara shukawa, alkama sai baɗi."

"Na ji, Kawu. Ka yafe mini."

"Tafiyar da za ka yi ban riƙe ka da ita ba. Kana da 'ya'ya, ni ma ga nawa suna tafiya. Da sunanka kaɗai ka sa, da tsakaninka da Allah ne. Amma ka sa nawa. Wannan ban iya yafewa ba tukuna. Wataƙila nan gaba."

Ya yi wa jikokinsa alamar gicciye ɗaya bayan ɗaya, ya juya. Ban sake ganinsa ba. Ya ci gaba da yi wa mai gandu ƙodago, kuma a hunturu na biyu wasiƙa ta zo wa Nikifor cewa ya rasu. Ni na karanta masa ita. Babu wani saƙo a ciki domina.

Mun iske kwarin babu kowa. 'Yan doka sun riga mu zuwa da wata guda, sun tashe su cikin yini ɗaya. Mun iso a makare, shuka na jiranmu, babu lokacin gini, babu kuma itace. Aka yi ƙuri'a kan ɗakunan bakwai, gidaje uku-uku a kowane, ɗaya kuma ya ɗauki huɗu. Ɗakin Sarsen ya faɗo mini. Ustinya ta share, ta yayyafa ruwan coci a kusurwoyi, ta rataye hoton waliyyi. Busasshen kashin shanun da suka tara shi ya fitar da mu hunturun farko.

Ƙasar ba ta yi ƙarya ba. Geron shekarar farko ya kai ƙirjin mutum. A shekara ta biyu muka ci farin burodi ran Talata, ba biki ba komai, Ustinya ta zauna tana kallonsa tana hawaye. Dunya ta miƙe ta yi tafiya. Tarina ma ya ragu. Ba zan ce ban yi murna ba. Na yi, kuma har yau in na ga 'ya'yana da jikokina ban san yadda zan ce da na sani ba. Sauran iyalan suka gina nasu suka fita, ɗakin ya zama nawa ni kaɗai. Kaburburan muka bar su, garma na zagaye su.

A ƙarshen kakar shekara ta uku, ina gyaran garke da yamma, sai na ga mutum ya tsaya a bakin shinge riƙe da akalar wani ramammen raƙumi. Sai da ya yi magana na gane Baitas ne.

"Sannu da aiki, mai rini."

"Sannu, Baitas. Shigo ka sha shayi."

"A'a, nan ma ya isa."

Na tambaye shi mahaifinsa. Ya ce ya rasu tun hunturun farko. Guguwar ƙanƙara ta yi kwana uku, tumaki suka bi iska saboda babu abin da zai tare su, tsohon ya fita nemansu. Sai da ƙanƙara ta narke aka gan shi. Cikin tumaki ɗari uku, arba'in suka rage. Hunturu na biyu ya kwashe rabin waɗannan. Ya faɗi duk wannan ba tare da ya ɗaga murya ba, idonsa na kan ɗakin.

"Ina tsohon da kuka zo tare?"

"Bai zo ba. Ya ƙi. Shi ma ya rasu."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu yadda suke yi wa mamaci addu'a.

"Ni na sa hannu," na ce. "Shi ya ce kada a karɓa. Ni na shiga na sa."

"Da ba kai ba, da wani ne."

"Haka na gaya masa."

"To gaskiya ka gaya masa. Amma kai ne."

Ya mayar da idonsa kan ɗakin.

"Ba rigima ta kawo ni ba," ya ce. "Ƙofar nan nake so. Kakana ya kawo itacenta daga tafiyar kwana goma. Ranar da aka tashe mu ba su bar mu mun cire ta ba. Mahaifiyata ta tsufa, buhu ne a bakin ɗakinta, kuma ta ce ba ta son ta mutu a bayan buhu."

Na shiga na ɗauko gatari da guduma. Ustinya ta fito tana goge hannu.

"Arhip, me za ka yi? Ƙanƙara ta kusa. Yaran fa?"

"Tasu ce."

Ta dubi Baitas, ta dubi raƙumin, ta koma ciki. Muka cire ƙofar mu biyu, shi ya san inda turakunta suke. Tana da nauyi fiye da yadda na zata. Muna ɗaure ta a bayan raƙumi sai ga Ustinya da burodi uku a ƙunshe da ƙyalle da ɗan buhun gero. Ta ajiye a gefen ƙofar, ta tafi neman bargon da za ta rataya a bakin ɗaki. Baitas ya dubi ƙunshin, na ga kamar zai mayar. Sai ya sa shi a jaka.

Ya riga ya ja akala ya juyo. "Na ji shanunku sun yi yawa. Kuna da makiyayi?"

"Yara ne ke bi da su, suna ta ɓarna a gonaki."

"Na san inda ciyawa take a nan. Ramin kwal kuma ba zan koma ba."

Na ce zan kai maganar gaban taro. Na kai, aka amince, don babu wanda ke son aikin. Da ƙanƙara ta narke ya zo da matarsa da 'ya'yansa biyu, suka kafa bukka a ƙarshen kwari, bayan gona ta ƙarshe. Shekara shida yana kiwon shanunmu, ana biyansa da hatsi, bai taɓa ɓatar da ko maraƙi ba. Kullum da safe in ya zo karɓar saniyata mukan gaisa, ya tambayi ƙirjina, in tambayi nasa. Sau da yawa Ustinya ta ce ya shigo ya sha shayi. Yakan gode, ya karɓi kofin ya sha a tsaye a bakin shinge, ya miƙo mata abinta, ya kora shanun su gangara rafi.